Fasfo, tsabar kuɗi ko katin banki: me za ka bari jingina idan za ka yi hayar mota a ƙasar waje?

Duk wanda zai ba ka motarsa haya a ƙasar da ba a san ka ba yana da hujjar neman abin riƙewa. Bai san gidanku ba, bai san mai unguwarku ba, kuma ya san nan da mako guda jirgi zai tashi da kai. Idan ka fasa masa fitila ko ka bar masa tarar gudu, ba shi da wanda zai kama. Don haka jingina ba makawa sai an bayar. Abin da ke hannunka shi ne zaɓen abin da za ka bari.

Manyan kamfanoni irin su Hertz, Avis, Europcar da Sixt sun riga sun yanke tasu maganar, katin banki mai sunanka suke so, fasfo kuwa dubawa kawai suke yi su mayar maka. Matsalar tana ƙananan shagunan haya na garuruwan yawon buɗe ido, irin na Phuket da Pattaya da Koh Samui a Tailan, ko na tsibirin Bali a Indonesiya, da makamantansu a wasu ƙasashe. A nan ne ake ce wa baƙo ya bar fasfonsa ya ɗauki makulli. Matafiyin da ya fito daga Kano ko Maradi ko Kumasi ya fi Bature shiga wannan tsaka mai wuya, domin katin bashi, wato katin da banki ke ba ka ka kashe kuɗinsa ka biya daga baya, bai yaɗu a wajenmu ba, kuma kuɗin waje da ke aljihunsa a ƙirge suke. Tayin da ba ya taɓa guzuri dole ya ja hankalinsa.

Ma'aunin da zan bi

Tambaya ta farko, kuma wadda ta fi nauyi a wurina: idan abu ya ɓaci, asararka tana da iyaka ko ba ta da ita? Ta biyu, idan gardama ta tashi, wa ke riƙe da wuƙa da nama, wa kuma zai yi ta zarya ofishin 'yan sanda? Sai abin da zai fita daga aljihunka ko ya maƙale na ɗan lokaci, da tsawon jiran dawowarsa, da sauƙin samun wannan hanya ga mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana. Ta ƙarshe ita ce matsayin doka. Farashin hayar kanta ban sa shi gaba ba, domin ragin da za ka samu a ƙaramin shago bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da jingina mara kyau ke iya jawowa.

Barin fasfo na asali

Ta fuskar kuɗi da sauƙi babu abin da ya kai shi. Ko sisi ba za ka fitar ba, minti biyu an gama. Mai shago ya ja aljihun tebur, ya jefa fasfonka cikin wasu da aka ɗaure da roba, kore da ja da shuɗi, ya miƙo maka makulli. Mutane da yawa sun yi haka sun karɓi abinsu lafiya, kuma akasarin masu shagunan nan neman halaliyarsu suke yi. Wannan gaskiya ce, bai kamata a ɓoye ta ba.

Sai dai ka dubi ranar mayar da mota. Yaron shago ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsuguna gaban bamba, ya shafa ƙasanta da yatsa, ya kira ka ka ga wani ƙwarzane da ba ka taɓa lura da shi ba. Maigidansa ya danna lamba a waya ya juyo maka da ita, a ce baht 15,000, kuɗin Tailan. Jirginka gobe da asuba. Da kuɗi ka bari, a ce baht 5,000, abin da zai iya riƙewa ke nan, idan yana son ƙari shi zai je ya kai ƙara ya kawo hujja. Da yake fasfo ka bari, shi yana zaune a shagonsa ba abin da ke cinsa, kai ne lokaci ke ƙure wa, kai za ka nemi 'yan sanda da tafinta. Farashin gyaran ya daina dogara da girman ƙwarzanen, ya koma dogara da yadda kake matse. Gwamnatocin Amurka da Birtaniya da Ostareliya duk sun sa gargaɗi a shawarwarin tafiya da suke ba 'yan ƙasarsu cewa kada su ba da fasfo jingina wajen hayar babur ko babur ɗin ruwa a Tailan, saboda yawan ƙorafi irin wannan.

Ko babu mugun nufi, fasfo yana iya salwanta a hannun wani. A ranar 8 ga Maris 2014, lokacin da jirgin Malesiya mai lamba MH370 ya ɓace da mutum 239 a hanyarsa daga Kuala Lumpur zuwa Beijing, an ga sunan wani ɗan Italiya da wani ɗan Ostiriya cikin fasinjoji, alhali dukansu suna raye ba su shiga jirgin ba. Wasu 'yan Iran biyu ne suka shiga da fasfonsu. Ɗan Italiyan ya bayyana cewa a shekarar da ta gabata ya bar nasa jingina a wani shagon hayar ababen hawa a Phuket, da ya koma karɓa aka ce an riga an ba wani. Bincike bai danganta mutanen biyu da ɓacewar jirgin ba, amma duniya ta ga inda fasfon da aka bari a aljihun tebur ke iya kaiwa.

Yanzu ka ƙirga abin da maye gurbinsa zai ci. Tun daga 1 ga Satumba 2025, fasfon Najeriya mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne a gida, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000, a ƙasashen waje kuwa dala 150 da dala 230. Wannan shi ne ƙaramin ɓangaren asarar. Duk bizar da ke manne a ciki ta tafi tare da shi, kuma wanda ya taɓa bin layin bizar Amurka ko ta Turai ya san abin da wannan ke nufi. Ofishin jakadanci zai iya ba ka takardar tafiya ta gaggawa, amma gida kawai take kai ka, tafiya guda, ba za ka wuce da ita Guangzhou ko Istanbul ka ƙarasa sarin kayanka ba. Ofishin ma sai ka je inda yake. Na Najeriya a Tailan yana Bankok, daga Phuket tafiyar sama da kilomita 800 ce ta mota, kuma hawa jirgin cikin gida yana buƙatar shaidar da ba ka da ita. Ƙasashe irin su Nijar da Chadi ba su da ofishin jakadanci a ƙasashen Asiya da dama, sai a yi ta waya da wanda ke wata ƙasa. Kana cikin wannan zarya kwanakin bizarka suna tafiya. Tarar wuce wa'adi a Tailan baht 500 ce kullum har ta kai 20,000, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa dirhami 50 ce kullum.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa: mota don tafiya mai nisa ake hayarta. Otal ɗin da za ka sauka a wani gari zai nemi fasfo. Mai canjin kuɗi zai nema. Asibiti zai nema idan tsautsayi ya faru. Shingen 'yan sanda zai nema, kuma matafiyi ɗan Afirka ya fi kowa sanin yadda ake yawan tsayar da shi a tambayi takardu. Za ka tsinci kanka ɗaruruwan kilomita nesa da takardar da ke nuna cewa da izini ka shigo ƙasar.

A doka ma fasfo ba naka ba ne da za ka jinginar. Mallakar gwamnatin da ta ba ka ne, kuma ƙasashe da yawa sun rubuta haka a cikin littafin. A Daular Larabawa hukumomi sun sha nanata cewa ba a riƙe fasfon mutum sai da izinin hukumar da doka ta ba wannan iko. Mai bin fiƙihu ma zai ga inda abin ya karkace. Alƙur'ani ya ambaci jingina a halin tafiya a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, kuma malamai sun bayyana manufarta, wato idan bashi ya gagara biya a sayar da abin a fitar da haƙƙi a mayar wa mai shi ragowa. Fasfo ba ya sayuwa ta halal. Mai shago ba zai iya fitar da kuɗin fentinsa daga cikinsa ba, amfaninsa guda a wurinsa shi ne hana ka tafiya.

Wasu kan nemi mafita ta barin tsohon fasfo ko lasisin tuƙi. Tsohon fasfo ka fara buɗe shi ka duba, domin da yawa daga cikinmu bizarsu mai sauran rai tana cikin tsohon ne, shi ya sa ake haɗa su biyun da roba. Lasisi kuwa shi ɗan sanda zai fara tambaya idan ya tsayar da kai a kan hanya. Abin da ya dace a bari shi ne kwafi. Ka nuna na asali a gabanka, a ɗauki hoton shafin bayanai da na hatimin shiga, ka rubuta a jikin kwafin da biro cewa na hayar mota ne a shago kaza ranar kaza, ka mayar da fasfonka aljihu.

Tsabar kuɗi da kwafin fasfo

Yawancin shagunan da ke neman fasfo suna karɓar kuɗi a madadinsa idan ka tsaya kan bakanka. Wanda ya ƙi, na kusa da shi zai karɓa, domin a irin waɗannan garuruwa shagunan a jere suke. A Tailan jinginar ƙaramin babur irin roba-roba takan kama daga baht 2,000 zuwa 5,000, ta ƙaramar mota daga 5,000 zuwa sama. A Dubai ƙaramar mota takan kai dirhami 1,000 zuwa 3,000, motocin alfarma sun ninka haka.

Alfanunsa a fili yake: ka san iyakar abin da ke hannun wani, kuma ƙafarka a sake take. Sai dai a fahimci wani abu, kuɗin jingina iyakar abin da ya riƙe ne kawai, abin da yarjejeniya ta ɗora maka yana iya wuce haka. Idan motar ba ta da inshorar da ke biyan gyaran jikinta, kana iya zama mai biyan komai. A Tailan inshorar dole da ake kira Por Ror Bor raunin mutane kawai take biya, ba ta gyara mota ko babur. Ka tambayi wace irin inshora motar take da ita, a nuna maka takarda.

Rauninsa kuwa shi ne babu banki a tsakaninku da zai bi maka kadi. Rasit ne kaɗai shaidarka, don haka ya ƙunshi adadin kuɗi, irin kuɗin, lambar mota, ranar mayarwa, sa hannu da hatimin shago. Ka ɗauki hotonsa nan take. Ka kuma shirya mayar da mota kwana guda kafin tafiyarka, da rana, lokacin da mai shagon da kansa yake nan. Wanda ya kai mota da dare jirginsa na asuba shi ake ce wa mai riƙe da kuɗin ya tashi sai gobe. A ƙasashen da tarar kyamara ke fitowa bayan kwanaki, shago kan ce zai riƙe kuɗin na wasu makonni ya turo maka daga baya. Karɓo tsabar kuɗi daga wata ƙasa bayan ka koma gida ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a nan ne wannan hanya ta fi rauni.

Katin bashi

Wannan shi ne abin da aka gina harkar hayar mota a kansa. Kamfani ba ya cire kuɗin, yana sa banki ya kulle wani adadi daga iyakar da aka ba ka, idan ka mayar da mota lafiya a saki. Sakin kan ɗauki daga 'yan kwanaki zuwa wata guda, ya danganta da kamfanin da bankinka. A Dubai hukumar kare haƙƙin masu saye ta umarci kamfanonin haya a 2024 da su saki jingina cikin kwana 30 da mayar da mota. Jinkirin can yana da dalili: tarar kyamara da kuɗin wucewa ta ƙofofin kan titi da ake kira Salik ba nan take suke bayyana ba. 

Ƙarfinsa shi ne akwai na uku a tsakani. Idan aka cire maka kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, kana iya shigar da ƙorafi ta bankinka kana zaune a gida, kuma tsarin Visa da Mastercard yakan ba da kusan kwana 120 don haka. Ba kullum ake cin nasara ba, hujja ce ke raba gardama, amma aƙalla kana da ƙofar ƙwanƙwasawa. Haɗarinsa shi ne kamfani yana da lambar katinka, zai iya cire kuɗin tara da ladan aikinsa a kai bayan ka tafi. Sharuɗɗan ma ba a sassauta su. Katin ya zama na roba da za a riƙe a hannu, sunan da ke jikinsa ya zama na wanda zai tuƙa, kuma ragowar iyakarsa ta isa jinginar. Katin yayanka ko na maigidanka ba zai yi ba sai shi ne direban da aka rubuta. Mai ƙyamar katin bashi saboda riba ya sani cewa kullewa ba cira ba ce, ba a ɗora mata ruwa, sai dai hukuncin mallakar katin kansa tambaya ce da zai kai wa malaminsa.

Katin cirar kuɗi

Shi ne a aljihun yawancinmu, kuma shi ya fi jawo ɓacin rai a gaban kanta. Wasu rassan ba sa karɓarsa sam, wasu suna karɓa ga ƙananan motoci kawai, wasu sai ka sayi cikakkiyar inshorarsu ko ka nuna tikitin komawa. Idan an karɓa, kuɗinka na gaske ne ke maƙalewa, kuɗin otal da abinci, har sai an saki. Wani lokaci cirewa ake yi a mayar daga baya, kuma idan asusun na naira ne canjin ranar cira da na ranar mayarwa ba lallai su zo ɗaya ba. A 2022 bankunan Najeriya da dama sun dakatar da amfani da katin naira a waje, a 2025 wasu suka dawo da shi da iyakar abin da za a kashe, iyakar da jinginar mota guda ke iya cinyewa. Katin asusun dala ya fi dacewa da wannan aiki. Mai katin sefa daga Nijar ko Kamaru ko Chadi yana da sauƙi a ƙasashen yuro, tunda canjin a tsaye yake, yuro ɗaya sefa 655.957. Katin da ke cikin manhajar waya kawai, wanda ba shi da na roba, kusan ko'ina ba a karɓarsa jingina.

Asarar da aka fi yi a nan ita ce mutum ya biya kuɗin haya gaba ɗaya ta intanet tun yana gida, ya isa filin jirgi a ƙi katinsa, a ce masa kuma kuɗin da ya biya ba ya dawowa. Kafin ka biya, ka rubuta wa reshen da za ka ɗauki motar, ka faɗi irin katinka, ka ajiye amsarsu a rubuce.

Sayen cikakkiyar inshora don rage jingina

Inshorar da ke zuwa da mota ba ta ɗauke maka komai. Akwai kason da ke kanka a kowane haɗari, a Turai daga ɗaruruwan yuro zuwa sama da dubu, kuma yawanci da shi ake auna jingina. Idan ka sayi ƙarin inshora a wajen kamfanin, kason ya ragu ko ya zama babu, jinginar ma sau da yawa ta sauko. Kuɗin nan ba ya dawowa, kuma a ƙaramar mota yakan kusan kamo kuɗin hayar. A Dubai wasu kamfanoni suna da tsarin haya ba jingina, ka biya wani ƙari a madadinta. Na kwana uku abin yana da ma'ana, na wata guda kuwa ƙarin kan tasar wa jinginar da ka guda.

Ka karanta abin da aka cire. Taya, gilashi, ƙarƙashin mota, ɓatan makulli da zuba man da bai dace ba sukan kasance a wajen inshora. Tuƙi ba da lasisin da ƙasar ta amince da shi ba yana rushe ta gaba ɗaya, kuma lasisin mota ba ya halatta maka hawa babur. Rashin rahoton hukuma ma haka. A Daular Larabawa gareji ba ya gyara motar da ta yi haɗari sai da rahoton 'yan sanda, a Saudiyya kuma Najm, kamfanin da ke rubuta rahoton haɗarin mota, ake kira idan ba a ji rauni ba. Inshorar da shafukan dillalai ke sayarwa da araha wani abu ne dabam, kamfanin haya ba ruwansa da ita. Zai kulle cikakkiyar jingina, ya cire idan an yi ɓarna, kai kuma ka bi dillalin da takardu ya biya ka.

Mota da direbanta

Wani lokaci amsar ita ce kada ka tuƙa. Manhajojin kiran tasi irin su Grab a Tailan da Malesiya da Indonesiya, Careem da Uber a ƙasashen Larabawa, ko mota da direba na yini guda, duk ba jingina. Waɗancan ƙasashe uku na farko ta hagu ake tuƙi, akasin Najeriya da Nijar da Ghana, kuma kwanakin farko ne baƙo ya fi gogar mota. Mai Umara da ke son zuwa Madina daga Makka yana da jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, wanda ke cin kilomita 450 cikin sa'a biyu da 'yan kai. Abin da ka rasa shi ne 'yancin tsayawa inda ka ga dama, kuma ga mai iyali da zai yi makonni yana zagaye, kuɗin yana taruwa.

| Zaɓi | Abin da ke fita | Abin da wani ya riƙe | Dawowa | Sauƙin samu | Idan gardama ta tashi |
|---|---|---|---|---|---|
| Fasfo na asali | Babu | Tafiyarka gaba ɗaya | Sai mai shago ya yarda | Ƙananan shaguna | Kai ne a matse |
| Tsabar kuɗi da kwafi | Babu, idan an mayar | Adadin da ka bayar | Nan take, ko bayan makonni | Ƙananan shaguna | Rasit ne shaidarka |
| Katin bashi | Babu, sai tara ko ɓarna | Adadin da aka kulle | Kwanaki zuwa wata guda | Da wuya a wajenmu | Banki zai saurari ƙorafi |
| Katin cirar kuɗi | Bambancin canji | Kuɗin guzurinka | Kwanaki zuwa wata guda | Ba kowane reshe ba | Banki, amma kuɗin ya riga ya maƙale |
| Cikakkiyar inshora | Ƙari kullum, ba ya dawowa | Ƙaramar jingina | Kamar na kati | Manyan kamfanoni | Gardama kaɗan ce |
| Mota da direba | Kuɗin kowace tafiya | Babu | Babu jira | Ko'ina a birane | Ba ruwanka da mota |

Minti goma kafin ka tada mota

Kowace hanya ka zaɓa, hujjarka ita ce bidiyon da ka ɗauka a gaban ma'aikacin. Ka fara da lambar mota, ka zagaya a hankali, ka tsuguna ka haska ƙasan bamba ta gaba da ta baya, bakin kowane wili, madubai, rufin sama, gilashin gaba. Ka buɗe but ka nuna safaya taya, ka shiga ka nuna kujeru, allurar mai da lambar kilomita. Duk ƙwarzanen da ka gani ka sa yatsa a kai, ka sa a rubuta shi a takardar yarjejeniya a sa hannu. Idan motar a jiƙe take ko a duhun ƙarƙashin bene, ka fito da ita haske, domin ruwa da duhu suna ɓoye karce. Sannan ka tura bidiyon ta WhatsApp zuwa lambar shagon, lokacin ya zauna a wayarku duka. Ranar mayarwa ka maimaita, ka karɓi takardar da ke cewa an karɓi mota lafiya.

Idan kuwa fasfonka yana hannun wani shago a yanzu, kada ka jira ranar ƙarshe. Ka je yau da kuɗi ka ce kana buƙatarsa don otal ko banki, a musanya. Idan an riga an fara ja-in-ja, ka guji ɗaga murya ko kai hannu, domin laifin zai dawo kanka. Ka nemi a rubuta maka kuɗin gyara, ka nemi a tambayi wani gareji dabam. A Tailan ka kira 'yan sandan yawon buɗe ido a 1155, a Dubai 901 ga abin da ba na gaggawa ba, ka kuma sanar da ofishin jakadancinku. Kada ka yarda da shawarar zuwa ka ce fasfon ɓata ya yi. Rahoton ƙarya laifi ne, kuma fasfon da aka ba da rahoton ɓatansa ana soke shi a sa shi a rumbun bayanan Interpol, ko ya dawo hannunka ba zai ƙara tsallaka da kai iyaka ba.

Wanne ya dace da wa

Ɗan kasuwar da ke yawan zuwa Dubai ko Turkiyya ya cancanci ya sha wahalar mallakar katin bashi, ko aƙalla katin asusun dala na roba da ya ware don jingina, ya riƙa haya a kamfani mai rassa. Ɗalibi ko ɗan yawon buɗe ido a Tailan ko Bali da ke son ƙaramar mota ko babur na 'yan kwanaki, tsabar kuɗi da kwafi da rasit da bidiyo sun ishe shi, matuƙar lasisinsa ya dace da abin da zai hau. Mai iyali da zai yi mako guda a Turai ko Malesiya, wanda bai saba da hanyoyin ba, ya sayi cikakkiyar inshora a wajen kamfanin haya, domin shi ne ya fi kusa da goge mota a wajen fakin. Wanda katin naira kaɗai gare shi kuma guzurinsa a ƙirge yake, gara ya haƙura da tuƙi ya hau Grab ko Careem, kada jingina ta cinye kuɗin otal. Alhaji ko Hajiya da suka je Umara na kwana goma, jirgin ƙasa da tasi sun wadatar. Fasfo na asali kuwa ban ga matafiyin da zan ba shawarar ya bari ba, ko na yini guda ne. Idan mai shago ya ce ko fasfo ko babu mota, ka yi masa godiya ka tambayi shagon da ke gaba.